Kundin tafiyar Badagry: bin sawun tsuntsayen gaɓar teku kafin su tashi

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

An tsayar da magana. Mu huɗu za mu je Badagry, can ƙarshen jihar Legas kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, mu ga tsuntsayen da ke cin rani a gaɓar teku kafin su koma Turai da arewacin Asiya. Da ni, da abokin aikina malamin labarin ƙasa (Malam zan riƙa ce masa a nan), da ƙanena mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta nan Kano, sai maƙwabcinmu tela.

Abin da ya ɗaure mu shi ne lokaci. Tsuntsayen nan suna sauka a ƙasar nan wajen Satumba zuwa Oktoba, suna tashi tsakanin Maris da Afrilu. Azumi kuma zai kama a farkon Maris, ba kuma wanda ke son yawo a rairayin teku da bakinsa a bushe. Ke nan sai bayan Sallah. Idan muka ƙara jinkiri, tsuntsaye sun tafi, damunar Legas ta kankama. Satin farko na Afrilu kawai ya rage mana.

Mun zaɓi Badagry ne saboda garin yana da ruwa iri biyu, tafki a gabansa, teku a bayan tafkin, kuma ɗakin kwana bai kai tsadar na ɓangaren Lekki ba. Ga Kawu a Agege, akwai wurin sauka. Kasafi: kowa naira 130,000. Za mu riƙa zuba 10,000 duk Juma'a a hannun Malam, ragowar a cika daga albashi.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na sayi madubin hangen nesa na hannu a Sabon Gari, naira 28,000. Mai shagon ya dage sai na ɗauki wani ƙato mai lamba 20x50, wai shi ya fi jawo abu. Na ƙi. Lambar farko ita ce yawan ninkin da madubi ke yi wa abu, ta biyun kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Ninki ashirin yana ninka rawar hannunka ma sau ashirin, ba za ka riƙe tsuntsu a ido ba sai da abin ɗorawa. Na ɗauki 8x42.

Malam ya kawo littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma da ya aro. Ƙanena ya sa mana manhajoji biyu a waya: Merlin, mai taimakawa wajen gane tsuntsu, da BirdLasser. Ta biyun ita ce masu aikin taswirar tsuntsayen Najeriya ke amfani da ita, aikin da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagoranta. Sun yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 a tsaye da kwance, kai kuma ka rubuta duk abin da ka gani a cikin gidan da kake. Najeriya na da tsuntsaye sama da iri 900. Waɗanda zan iya kiran sunansu yanzu ba su taka kara sun karya ba: balbela, shirwa, kurciya, hasbiya, cilakowa, da irinsu.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Gwajin farko, a gonakin noman rani na Kadawa, bayan Kura. Hikimar Malam ce, kuma ta yi: da yawa daga cikin tsuntsayen da za mu nema a bakin teku danginsu na nan a fadamun da ruwan Tiga ke shayarwa. Gara mu koyi bambance su a gida, inda kuɗin mota bai wuce 3,000 ba, da mu je Legas muna buɗe littafi iska na kaɗa shafi.

Manyan ba su ba mu wahala ba. Zalɓe, balbela, da wani baƙi da fari mai siraran jajayen ƙafafu dogaye, wanda ko yaro ya gani sau ɗaya ya riƙe. Ƙananan masu yawo a taɓo su ne jarrabawa. Duk launin ƙasa ne, duk farin ciki gare su, duk suna caccakar laka. Sai da Malam ya hana mu kallon launi. Ya ce a fara da baki: ya fi kai tsawo ko bai kai ba, a miƙe yake ko ya lanƙwasa? Sannan launin ƙafa. Sannan tafiya. Da wannan muka cire guda ɗaya da tabbaci, wani ɗan ƙarami da ba ya daina rausaya bayansa sama da ƙasa, farin cikinsa ya kutsa har gefen kafaɗa, in ya tashi kuma sai ya bi saman ruwa ƙasa-ƙasa da fikafikai a sandare. Mun sa masa mai rausaya. Littafi ya ce ana samunsa har bakin teku.

Matsalar ita ce madubina. Duk abin da na kalla sai ya zama biyu, ɗaya a ɗan saman ɗaya. Ido yana ta ƙoƙarin haɗa su, kafin hantsi kaina ya ɗauki ciwo har wuya. A shago ban lura ba, don a can abin da na kalla bai wuce tsallaken titi ba. Sauran ranar da ido ɗaya na yi ta, na rufe ɗayan da tafin hannu.

Wani dattijo mai tumatir ya tsaya yana kallonmu, daga baya ya matso. "Sannunku da aiki. Auna gona ake yi?" Muka ce a'a, Baba, tsuntsaye muke kallo. Ya yi shiru, sannan ya ce in dai da gaske muke, mu dawo lokacin da shinkafa ta yi kai, mu kalli jan-baki, mu kuma taya su kora.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Mai shagon ya ce an saya an saya. Ƙanena ya karɓi madubin ya ɗaga robar jikinsa, ya samu wasu 'yan ƙananan sukurori da ke riƙe gilasan ciki, ɗaya ya saki. Ya ɗora madubin a kan taga, ya saita shi a kan wayar lantarki mai nisa, ya riƙa murɗawa kaɗan-kaɗan har layin wayar na ido biyun ya haɗe ya zama ɗaya. Ya ce ladan gyara shayi da ƙwai.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Fita sai bayan asuba, a dawo kafin ƙarfe goma. Tela ya ce kada a sa ran ganinsa har Sallah, ɗinki ya rufe shi.

Lahadi, 9 ga Maris

Dam ɗin Wasai, inda ruwan Jakara ke ƙarewa bayan ya ratsa birni. Wanda ya san abin da Jakara ke kwasowa ya san ba wurin shaƙatawa ba ne, amma tsuntsu bai damu ba. Kirinjijiya garke guda suna ta fito. Mun ga mai kamun kifi baƙi da fari, wanda ke tsayawa cak a iska yana kaɗa fikafikai, baki a ƙasa, sannan ya faɗo ruwa. Mun kuma samu na biyu a jerin masu wahala: ƙafa kore-kore, baki dogo mai ɗan ɗagawa sama, yana tashi da kuka uku a jere. Kukan ne ya tabbatar mana, Merlin ma ta yarda.

Abin da na lura duk ƙananan baƙin nan ba sa ɗaga kai daga ci. Dalili a fili yake. Sahara na gabansu, faɗinta ya haura kilomita 1,500, ba ci ba sha a yawancinta, don haka kitse suke tarawa. Wasu ƙananan sukan kusan ninka nauyinsu kafin su tashi. Ƙanena, wanda ƙishirwa ta fara taɓawa tun ƙarfe tara, ya ce, "Yaya, mu muna azumi, su kuma sahur ɗin wata guda suke yi."

Asabar, 15 ga Maris

Zafi. Ban fita ba. Na yi bitar hotunan tsuntsayen teku a littafi bayan tarawi.

Lahadi, 23 ga Maris

Labari biyu, babu mai daɗi.

Tela ya janye. Masu ɗinki sun karɓi kaya da alkawarin biya bayan Sallah, shi kuma ya riga ya zuba kuɗinsa a zare da fetur ɗin janareto. An mayar masa da abin da ya tara. Kuɗin ɗaki da na jirgin ruwa yanzu kashi uku za a raba maimakon huɗu.

Na biyu ya fi damuna. Mun koma Kadawa, fadamar da ta cika da masu caccakar laka wata guda da ya wuce ta yi sauƙi sosai. Ƙananan masu kaɗa jela da ke bin ƙafar shanu suna nan, mazansu sun rikiɗe sun zama rawaya shar, alamar kayan aure sun kammala, tafiya ta zo. In na Kano sun fara ɗaura kaya, na Legas fa? Malam ya kwantar mini da hankali da cewa na bakin teku da yawa can ƙuryar arewa suke hayayyafa, wurare irin Girinlan da Saiberiya, inda ƙanƙara ba ta narkewa sai wajen Yuni, don haka ba sa gaggawa kamar waɗannan. Kuma 'yan shekara ɗaya na wasu irin ba sa komawa ma, a nan suke shekara. Hujja ce mai kyau. Sai dai mu gani.

Na kira Kawu na shaida masa ranar zuwa.

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah. Allah Ya maimaita mana. An sayi tikitin motar dare, 38,000 kowa.

Juma'a, 4 ga Afrilu, Agege

Mun taso jiya da yamma, ta Kaduna, Abuja, Lokoja. Gari ya waye mana a cikin kurmi da bishiyoyin kwakwar manja. Mun iso a gajiye, ƙafa a kumbure, mun samu Juma'a da ƙyar.

Kawu ya shekara fiye da talatin yana sayar da goro a nan, bai taɓa zuwa Badagry ba. Ya saurari bayaninmu har ƙarshe, ya ce, "To, ɗana, tun daga Kano har Ikko saboda tsuntsu. Allah Ya ba da sa'a." Ya ba mu lambar wani abokin cinikinsa a can.

Asabar, 5 ga Afrilu, Badagry

Daga Agege zuwa Iyana Iba, daga nan muka hau babban titin Badagry, ta Okokomaiko da Agbara. Shingayen bincike sun yi yawa saboda hanyar iyaka ce, a riƙe katin shaida a kusa. A wani shingen an buɗe jakata an ga madubi, sai da na fito da littafin na nuna hotuna.

Ɗaki 20,000 a dare, mu uku a ciki.

Garin tsoho ne, a kwance a bakin tafki. Mun wuce ta gaban benen nan da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya. Malam ya ce masu wannan magana ba su zo Kano sun ga soraye ba, na ce ya rage murya. Shi ne kuma ya tuna mana cewa ta nan Badagry Bature Clapperton ya sauka a ƙarshen 1825, ya bi ta ƙasar Yarbawa da Nupe ya iso Kano a 1826, ya rasu a Sakkwato a 1827. Hanyar da ta ci masa watanni mu mun yi ta a kwana ɗaya, muna ta ƙorafin kujera.

Da yamma muka zauna a bakin tafki. Abu na farko da na gani mai kamun kifin nan ne baƙi da fari, irin na Wasai sak, a tsaye a iska. Sai mai rausaya a kan wani karyayyen kwalekwale. Sabon tsuntsu na farko da muka gani shi ne wani zalɓe mai launin toka mai duhu, farin maƙogwaro, yatsu rawaya, wanda ba ya rabuwa da gaɓar teku. A gefe-gefe akwai ciyawar ruwan nan mai shuɗin fure da ke yawo a dunƙule. Asalinta Kudancin Amurka ne, ta wannan tafkin ta shigo Najeriya daga Benin a 1984, kuma abin da kacalla ta yi wa masuntan Hadejia da Nguru shi take yi wa na nan: toshe hanyar jirgi da yaga koma.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Ranar da aka zo dominta. Mun tsallaka tafki a jirgi mai inji zuwa Gberefu, 'yan mintuna ne. A sa rigar kariya, ko da mai jirgi bai matsa ba. Daga nan sai tafiyar ƙafa a kan yashi, ta cikin bishiyoyin kwakwa, har teku. Hanyar da aka bi da bayi ce zuwa jiragen Turawa, akwai rijiyar da aka ce ana shayar da su a kan hanya, akwai ginin tunawa a ƙarshenta. Hirarmu ta ɗauke a wurin. Cikin waɗanda aka kwasa daga wannan gaɓar zuwa Brazil har da Hausawa, kuma tarihi ya riƙe tawayen da suka shirya a Bahia a 1807.

Ƙarar tekun muka fara ji tun ba mu gan shi ba. Ƙanena, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi Tiga ba, ya tsaya ya yi salati.

To, ga inda lissafi ya ƙi. Masu caccakar laka laka suke so, shimfiɗaɗɗiya, wadda teku ke janyewa ya bari. Gaɓar Gberefu yashi ne mai gangara, igiyar ruwa na dukansa da ƙarfi, ba fili. Ƙari a kan haka, yau takwas ga wata. Cika da janyewar teku sun fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, a tsakaninsu kuwa ruwan ba ya ja da baya sosai. Mun zo a mafi raunin lokaci, kuma ba yadda za mu yi, hutun da muka samu ke nan. Sa'a ta farko ba mu ga komai ba sai ƙaguwa masu gudu a yashi da tarin robobi da teku ya amayo. Iskar gishiri kuma ta riƙa shafe gilashin madubi, sai an goge bayan 'yan mintuna, da ƙyalle mai laushi, don yashi na karce gilashi.

Muka miƙa gabas, nesa da masu yawon buɗe ido. Can Malam ya ɗaga hannu. Wasu 'yan farare-farare, ba su kai goma ba, suna bin igiyar ruwa da gudu in ta koma, su caccaki yashi, su juyo da gudu in ta dawo, ƙafafunsu baƙaƙe ba a ganin motsinsu don sauri. 'Yan tsere, irin masu hayayyafa a Girinlan da Saiberiya. Ɗaya ya fara yin ja-ja a wuya da ƙirji. Tsuntsun da nauyinsa wajen gram 60 ne kacal.

Muna nan zaune sai kuka ya zo daga sama, fito mai sauri a jere, wani babba launin ƙasa ya sauka a bakin wani ɗan kududdufi bayan tudun yashi. Baki dogo, ya lanƙwasa ƙasa, kai da ratsi biyu masu duhu. Mai bakin lauje. Shi na fi so in gani tun Fabrairu. Irinsa da ke hayayyafa a Aislan an bi su da na'ura an ga suna tasowa ta saman teku ba sauka har Afirka ta Yamma, kwana huɗu zuwa biyar a iska. Mun kalle shi ya zura baki a rami ya zaro ƙaguwa, ya karkaɗe mata ƙafafu, ya haɗiye. Ba wanda ya buɗe littafi. Baki, ƙafa, tafiya, kamar yadda aka saba a Kadawa.

A teku kuma akwai fararen masu nutso, masu rababben jela, suna bin jiragen masunta. Manya masu bakin lemo mun gane su. Ƙananan sun yi nisa, na rubuta su a matsayin waɗanda ba a tantance ba.

Kada a shiga ruwan nan. Yana ja, mutanen wurin ma sun gargaɗe mu.

Litinin, 7 ga Afrilu

Hadari ya taso da asuba, ruwa kamar da bakin ƙwarya har hantsi. Mai kwalekwalen da muka ba kafin alƙalami na 5,000 don ya zaga da mu cikin tafki bai zo ba, wayarsa a kashe. Abokin Kawu ya samo mana wani, Ba'egune dattijo, wato ɗan ƙabilar Egun ta yankin, da azahar, 12,000.

Ya shiga da mu wasu ƙananan hanyoyin ruwa masu duhun ganye. Mun ga ɗan mai kamun kifi shuɗi mai jan baki, bai kai tafin hannu ba, da wata ungulu fara da baƙi mai jar fuska wadda yawancin abincinta 'ya'yan kwakwar manja ne. Da broka da nuni na tambaye shi ayu. Ya ce akwai, amma sai mutum ya daɗe bai gani ba. Dabbar da ake tallar manta a kasuwanninmu ke nan. Ciyawa take ci, ɗa ɗaya take haifa bayan cikin kusan shekara guda, don haka duk wadda aka kashe ba ta da saurin mayewa. Doka ta hana farautarta. Ba mu gan ta ba.

Talata, 8 ga Afrilu

Mun bar Badagry da duku-duku, mun ratsa Legas gaba ɗaya zuwa gandun Lekki, wanda gidauniyar kare muhalli ta NCF ta kafa a 1990. Hekta 78 ne na kurmi da fadama, gine-gine sun kewaye shi ta ko'ina. Kuɗin shiga daban, na hawa gadar sama daban. Gadar mita 401 ce, a rataye a tsakanin bishiyoyi, tana lilo. Malam ya hau da addu'a a baki, ya sauko ya ce ya yi na farko ya yi na ƙarshe.

Don tsuntsu, mun makara, rana ta take, kuma a kurmi kunne ke aiki fiye da ido, mu kuwa ba mu koyi kukan na kurmi ba. Birai dai sun ƙoshar da mu kallo. A ɓoye abinci a jaka.

Juma'a, 11 ga Afrilu, Kano

Mun dawo lafiya. Lissafin kowa: motar zuwa da dawowa 76,000, zirga-zirgar cikin Legas da Badagry kusan 19,000, ɗaki na dare uku 20,000, jiragen ruwa da ɗan rakiya 9,000 har da kuɗin da ya salwanta, abinci 21,000, sauran shiga wurare da tsarabar Hajiya. Ya tashi kusan 152,000, an haura kasafi da 22,000. Madubi ba ya ciki.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na gama shigar da abin da muka gani a BirdLasser, na cire duk wanda ba mu tabbatar ba. Ƙanena ya wanke madubin daga gishiri, sukurin bai sake saki ba.

Kadawa yau: balbela, zalɓe, mai rausaya guda ɗaya. Sauran sun tafi.

Mataki na gaba kashi biyu ne. Na kusa, rubuta ranar da shamuwa za ta fara sauka a unguwa da bishiyoyin da za ta yi sheƙa, zan sa ɗalibai su taya ni, kowa da unguwarsu. Na nesa, Baturiya a Jigawa cikin Disamba ko Janairu, lokacin da agwagin Turai ke cika fadamar. Teku kuma sai Nuwamba in Allah Ya kai mu, a daidaita da tsayuwar wata, a kuma nemi wurin da ke da laka tun kafin a sayi tikiti. Zubi zai ci gaba, an rage shi zuwa 5,000. Tela ya ce a sa da shi.